Me mai sayen sabon gida yake nema a Birnin Kebbi?

Mai gini don sayarwa

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. Shekaruna shida ina sayen fili ina ginawa ina sayarwa, kuma zuwa yanzu na gina gidaje uku. Biyu sun tafi ba tare da wahala ba, amma na ukun, wanda shi ne na fi kashe wa kuɗi, sai da ya yi wata goma sha huɗu a kulle kafin na samu mai saye, shi ma sai da na rage masa. Yanzu ina da filaye biyu masu ƙafa 50 a 100 a wajen hanyar Kalgo, kuma ina so in fara aiki da zarar damina ta ɗauke. Kowa ya san yadda kayan gini suka koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, saboda haka ba ni da kuɗin da zan yi komai da komai. Tambayata ita ce, idan dole sai an zaɓa, a ina ya kamata in zuba kuɗin, kuma mene ne mai saye yake nema da gaske idan ya shigo sabon gida?

Dillalin gidaje

Wa alaikumus salam, Alhaji. Zan faɗa maka abin da idona yake gani kullum, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Abin da mutum yake cewa yana nema daban, abin da yake sa shi ya ciro kuɗi kuma daban. Idan ka tambaye shi a zaune, zai ce maka shi dai gini mai ƙwari yake so. Amma idan muka isa ƙofar gidan, abin da yake fara kallo shi ne get da fentin katanga, sannan ya shiga falo ya dubi tayil, ya ɗaga kai ya dubi silin POP, wato silin ado na farar filasta, da fitilun da aka jera a ciki, kuma kafin mu fito daga falon nan na riga na san ko zai saya ko ba zai saya ba. Tambayoyin da suke biyo baya ba su wuce huɗu ba: ɗaki nawa ne, kowane ɗaki yana da banɗakinsa, mota nawa za su shiga, kuma akwai rijiyar burtsatse? Ban taɓa ganin wanda ya tambaye ni rodi mai milimita nawa aka sa a linta ba. Shawarata ita ce ka yi ɗaki uku da falo babba, ka ƙawata gaba, ka bar sauran.

Uwargida, malamar sakandare, Gesse

Malam Dillali, ka yi gaskiya a kan abin da kake gani, amma ka manta ka faɗa mana wa kake kaiwa ganin gidan. Maza kake kaiwa, sau da yawa da yamma bayan an tashi daga aiki, su zaga na minti ashirin su fito. Wadda za ta wuni a cikin gidan nan daga asuba har dare ba ta ganinsa sai ranar da aka kawo kaya, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in kwatanta da gidan da muke ciki, wanda maigidana ya saya sabo fil. Falon yana ɗaukar kujeru saiti biyu, kuma a shekara bai fi sau uku yake cika ba, da sallah ƙarama da babba da ranar suna. Kicin ɗin kuwa idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ta fita kafin ɗaya ta juya, taga ɗaya ce ƙarama kuma tana kallon katanga. Babu sito. Mu a Kebbi shinkafa da gero buhu-buhu ake ajiye su idan kaka ta yi, ga manja da man gyaɗa a jarka, ga albasa da take buƙatar wurin shan iska, kuma duk waɗannan a ɗakin yara muka tara su har ɓera ya saba da ɗakin. Wanda ya zana gidan ya ɗauka cewa da gas kaɗai ake girki, alhali babu gidan da ba a hura gawayi ko itace idan gas ya ƙare ko ya yi tsada, ko idan za a yi tuwon taro. Babu wurin kafa murhu, babu wurin ajiye turmi, babu inda za a ɗaura igiyar shanya sai a gaban gida inda duk wanda ya buɗe get zai ga kayan mata. An mamaye filin gaba ɗaya da gini, an bar wani siririn lungu a baya wanda ko akuya ba za ta juya a ciki ba.

Abin da nake roƙon Alhaji shi ne ya rage falon, ya bar tsakar gida a baya ko da ƙafa ashirin a ashirin ce, ya yi rumfar girki mai rufi a jikin kicin, da sito mai ƙofa mai ƙarfi, da famfo a wajen wanki. Kuma ya yi wa mata ƙofar shiga da ba ta bi ta falo ba. A gidanmu idan maigida yana da baƙi, ni da 'ya'yana mata sai mu zauna a ɗaki har su tafi, domin hanyar kicin ta gabansu take. Iyayenmu da suka yi zaure da shigifa sun san abin da suke yi.

Dillalin gidaje

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba. Sai dai Alhaji tambaya ya yi a kan abin da zai sayar masa da gida, kuma har yau mai biyan kuɗin shi ne mai kallon falon.

Uwargida, malamar sakandare, Gesse

To ka fara cewa su zo da matansu, ka ga ko lissafin ba zai sauya ba.

Injiniyan gini

Ina goyon bayan Hajiya, kuma ina so in ƙara wani abu da mai saye ba ya tambaya da baki amma jikinsa yake nema, wato sanyin ɗaki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40 a ranaku da yawa, kuma mafi yawan sababbin gidajen da ake yi yanzu an kwaikwayo su ne daga zanen da aka yi wa wasu garuruwa masu wani yanayi. Ana yin rufi mai tsayi da baƙin kwano ko mai ruwan ƙasa mai duhu domin ya yi kyau daga titi, alhali launi mai duhu zafi yake sha ya sauke shi a kan silin. Ana sa taga mai zugewa, wadda ko an buɗe ta gaba ɗaya rabin ramin ne kawai yake buɗewa. Ana yin ɗaki da taga a bango ɗaya, iska ta shigo ta rasa ta inda za ta fita. Bayan haka sai a ce wa mai gida ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, kamar wutar da za ta ja ta tana nan kullum.

Gyaran waɗannan bai kai kuɗin POP na falo ɗaya ba idan tun a zane aka yi shi. A juya ginin yadda dogayen bangayensa za su kalli kudu da arewa, domin bangon yamma shi ne yake shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare, saboda haka banɗaki da sito ake jerawa a can, ɗakin kwana kuma a kauce masa. A ɗaga silin ya kai ƙafa goma ko sama da haka. A yi wa kowane ɗakin kwana taga a bango biyu. A zaɓi kwano mai haske, a fito da bakinsa ya yi wa bango inuwa, a bar ƙananan ramuka masu raga a ƙarƙashin rufin domin iskar da ta ɗumama tsakanin kwano da silin ta samu mafita. Sannan a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin bim ɗin sama, domin iskar farkon damina da take tasowa daga gabas ba ta wasa da rufin da aka ɗora da ƙusa kawai, kuma duk shekara muna ganin kwano a kan titi. Katakon ma a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Idan aka bar wurin dasa bishiya ɗaya ko biyu a gefen yamma, ko da dogonyaro ne, bayan 'yan shekaru zai yi aikin da na'ura ba za ta yi ba, sai dai a nisanta shi da fandisho da ramin sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki yake zuba a ciki, saboda saiwa.

Dattijon magini, Jega

Injiniya, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni na fara aiki tun ana gini da tubali da azara, kuma soron ƙasa da muke yi a da, da rana sanyi ne da shi, da hunturu kuma ɗumi, saboda kaurin bangonsa. Ba na cewa a koma can, domin yaɓen kowace shekara ya gaji mutane. Amma ina so Alhaji ya ji wannan daga bakin wanda ya riƙe cokalin gini fiye da shekara arba'in.

Bulo shi ne gidan. A aikina, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ba na yarda ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da talatin da 'yan kai, kuma a shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda. Yanzu za ka ga an fitar da hamsin ko sittin daga buhu ɗaya, a busar da shi a rana kwana biyu a loda a mota, idan ka ɗaga shi ka saki sai ya koma yashi. Simintin nan daga Kalambaina yake zuwa, nan Sakkwato kusa da mu, ba shi da laifi, laifin na mai cuɗawa ne. Na biyu kuma fandisho. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaga shi sama da titi da aƙalla bulo uku, a cika da jar ƙasa a daddage, a shimfiɗa leda kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa. Wanda ya tsallake ledar nan, bayan damina biyu zai ga fenti yana kumbura yana zubowa daga ƙasan bango kamar gishiri, kuma babu fentin da zai warkar da shi. Mai saye ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin filasta ta rufe su. Amma ɗana, shekara biyu kawai ake yi gini ya faɗi gaskiyarsa, kuma a garin da kowa ya san kowa, sunan wanda ya gina shi ake kira.

Mai gini don sayarwa

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi maganarku ba, amma ga inda gizo yake saƙa. Gidana na uku da ya daɗe bai tafi ba, shi ne wanda na yi wa duk abin da kuka lissafa: bulo mai inci 9 har a bangon ciki, rodi mai milimita 16 a ginshiƙai, leda, komai da komai. Da kuɗi suka ƙare sai na sa tayil mai araha da silin PVC. Maƙwabcina da ya yi nasa da bulo mai inci 6 ya ƙawata shi, ya sayar kafin ni da wata takwas, kuma da farashin da ya fi nawa. Ta yaya zan sayar da abin da yake ɓoye a cikin bango?

Injiniyan gini

Alhaji, ka fito da shi daga cikin bangon. Ka ɗauki hoto da bidiyo a kowane mataki, daga zurfin fandisho da jerin rodi kafin a zuba kankare, zuwa leda da bututun ruwa da wayarin kafin filasta, ka haɗa su da zanen da hukumar raya birane ta KUDA ta amince da shi da rasitan kaya, ka miƙa wa mai saye. Hotunan bututu da waya za su amfane shi ko bayan shekara goma idan za a yi gyara, domin ba sai an farfasa bango ana lalube ba. Kuma bulo mai inci 9 a bangon da ba ya ɗauke da nauyi asarar kuɗi ce, inci 6 mai kyau ya isa tsakanin ɗaki da banɗaki. A nan ka kashe kuɗin da ya kamata ya tafi ga tayil.

Ma'aikaci mai ritaya

Ni abin da ya same ni zan ba ku labari, ko wani zai tsira. Da na karɓi kuɗin sallamata na sayi sabon gida a watan Fabrairu, ƙasa a bushe ƙayau, hanya a share har ƙofar gida. Duk abin da Malam Dillali ya lissafa yana ciki, har da fitilu masu sauya launi. Ban tambayi kowa a unguwar ba, domin ina gudun kada wani ya riga ni. Da watan Agusta ya zo sai na gane cewa filin tsohuwar hanyar ruwa ce da aka cike, kuma ruwan unguwa uku ta nan yake bi ya gangara fadama. A daminar 2020, wadda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, mun kwana muna kwashe ruwa da bokiti daga falon da na saya gidan dominsa, mota kuwa sai da ta yi mako uku a gidan wani aboki a bakin titi. Wanda ya sayar mini ya ce shi gida ya sayar, bai sayar da damina ba. Ban kai shi ko'ina ba, na bar shi da Allah.

Tun daga nan duk wanda ya nemi shawarata nakan ce masa ya je ganin gida a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya bar mota a titi ya taka da ƙafa. Idan ba zai iya jira ba, ya dubi ƙasan katangar maƙwabta da suka riga shi zama, domin ruwa yana barin zane a inda ya tsaya, sannan ya zauna da mai shagon unguwa ko limamin masallaci ya tambaye su. Ga Alhaji kuma, idan filayenka a tudu suke, wannan kaɗai abin talla ne, kuma ka yi magudanar ruwa a gaban gidan ka nuna inda take zubawa.

Lauya

Allah ya mayar da alheri, Baba. Ina so in ja hankalin zauren zuwa ga takarda, domin a ofishinmu rigimar da ta fi yawa a kan sababbin gidaje ita ce ta ƙasar da aka yi ginin a kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama, wanda ake ba da shaidarsa da takardar da aka fi sani da C of O, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. Dokar ta kuma ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Mafi yawan filayen bakin gari gonaki ne da aka yanka, kuma abin da yake hannun mai gini shi ne takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko hakimi da shaidu. Wannan takarda tana da amfaninta, amma ba ta hana wani magaji ya taso bayan shekara biyar ya ce an sayar da gonar mahaifinsu kafin a raba gado, kuma ba ta hana a wayi gari a ga cewa wurin hanya ce ko makaranta a taswirar gwamnati.

Mai saye mai hankali yana neman abu uku: ya ga asalin takardar da idonsa, ya je ma'aikatar filaye a bincika masa ko sunan da yake jiki shi ne na mai sayarwa kuma babu jingina a kai, sannan a rubuta takardar miƙa mallaka a yi mata rajista. Alhaji, idan ka nemi takardar gwamnati tun kafin ka fara gini, za ka buɗe wa kanka ƙofar wasu masu saye da ba sa zuwa wurin Malam Dillali, wato ma'aikatan da za su saya da rancen gida, domin babu bankin da zai karɓi takardar mai unguwa a matsayin jingina.

Matashin ma'aikaci, Gwadangaji

Barista ya kawo ni inda nake jira. Ni ina cikin waɗanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kowane wata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Rancen asusun yana da ruwa kashi 6 cikin ɗari kuma ana iya biyansa har shekara 30, sannan tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar a ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da mutum ya tara a asusun fanshonsa domin biyan kason farko. Da yawa daga cikinmu muna ƙyamar ruwan saboda riba, muna jiran hanyar da babu riba a cikinta, amma ko an kawar da wannan, matsalar ita ce gidajen da kuke ginawa sun fi ƙarfinmu. Kowa ɗaki huɗu yake yi da falo biyu, yana jiran ɗan siyasa ko babban ɗan kasuwa, kuma su ba su da yawa.

Mu da muke aiki a Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo, da kwalejin Waziri Umaru, da asibitoci, abin da muke nema shi ne ɗaki biyu da falo madaidaici, a gefe ɗaya na fili, an bar sauran wurin kuma an tsara zanen yadda idan iyali suka ƙaru za a ƙara ɗaki ba tare da an rushe komai ba. Ba ma buƙatar a sa mana sola, amma muna so a raba wayarin gida biyu tun farko, layin fitilu da fanka da firji daban, layin kaya masu jan wuta daban, a bar wurin ajiye batir da inbata mai shan iska, domin kowa ya san ƙarshenta sola zai sa. A bar mana mita mai kati a kan sunan gidan, ba tare da tsohon bashi ba. Kuma ni kafin in dubi silin, wayata nake dubawa in ga ko sabis yana kamawa a cikin ɗaki.

Malamin islamiyya

Ina da ƙarin bayani kaɗan ta fuskar addini, tunda masu sayen nan Musulmi ne mafi yawansu. Ya tabbata a hadisi cewa an hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya a lokacin biyan buƙata, kuma ko da yake malamai da yawa, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun sassauta idan a cikin gini ne, mutane da dama ba sa samun natsuwa da masan da ya kalli gabas, kuma juya shi a zane ba ya cin ko kwabo. Haka nan an umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, saboda haka gida mai ɗaki biyu da ƙanena ya ambata yana buƙatar wurin ƙari da gaske, ɗakin samari kuma ya fi dacewa ya kasance kusa da get da ƙofarsa ta waje. Mai yin bene ya kula da tagoginsa kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci. Sannan ina tunatar da mu masu sayarwa da dillalai cewa ɓoye aibin da aka sani a cikin abin sayarwa haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano shi. Wanda ya sayar wa Baba gida a kan hanyar ruwa, in dai ya sani, amsar da ya bayar ba za ta tsaya masa ba.

Uwargida, malamar sakandare, Gesse

Allah ya saka da alheri, Malam. Akwai abin da na manta, kuma ina so Injiniya ya yi mana bayaninsa. Kowa yana tambaya ko akwai rijiyar burtsatse, amma ban ji mai tambayar ina take da ramin sokawe ba. A gidan ƙanwata taku bakwai ne tsakaninsu.

Injiniyan gini

Hajiya, wannan babbar magana ce. Abin da ake so shi ne a nisanta su da kamar mita 30 idan da hali, kuma fili mai ƙafa 50 a 100 tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne da ɗan kai, saboda haka ko ka kai rijiya wannan kusurwa ka kai rami waccan, ramin maƙwabcinka yana iya kasancewa a bayan katangarka daidai inda rijiyarka take. Ƙasar Birnin Kebbi mai yashi ce a wurare da yawa, ruwa yana ratsa ta da sauƙi, ba kamar Zuru da take kan dutse ba. Mafita ita ce a haƙa rijiyar da zurfi, a toshe gefen bututun daga sama da siminti domin ruwan saman ƙasa kada ya gangara ciki, a gina tankin bahaya mai filasta kafin ramin tsotsewa, kuma a kai ruwan a gwada kafin a fara sha. Idan filayen Alhaji biyun a jere suke, zai iya haƙa rijiya ɗaya mai kyau a gaba, ya kai ramukan biyu can baya, kowane gida da tankinsa.

Lauya

Rijiya ɗaya ga gida biyu tana da kyau a wurin injiniya, amma a wurinmu ƙara ce take jiran ranarta. Idan famfon ya ƙone wa zai gyara, kuma idan ɗaya ya sayar da gidansa, sabon mai shi ya gaji yarjejeniyar? In za a yi, a rubuta shi a cikin takardar kowane gida.

Dillalin gidaje

Na karanta duka, kuma na ƙaru, musamman da maganar Baba mai ritaya, domin irin wannan ciniki yana zubar da mutuncin sana'armu. Amma ina nan a kan bakata a wuri ɗaya. Alhaji, ka yi duk abin da suka ce, sai dai kada ka sake kuskuren gida na uku. Ka ware kuɗin get da fenti da tayil ɗin falo tun ranar farko ka kulle su, domin idan mutum bai tsaya a ƙofa ba, ba zai shigo ya ga hotunan rodin ba. Zancen zuwa da mata kuma na karɓa, zan gwada daga wannan makon, ko da yake na san wasu mazan ba za su yarda ba.

Mai gini don sayarwa

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Fili ɗaya zan yi masa ɗaki uku, ɗayan kuma ɗaki biyu da wurin ƙari kamar yadda ƙanena na Gwadangaji ya nema, in ga wanda zai riga tafiya. Na fasa falo na biyu a duka biyun, kuɗinsa zai koma sito da rumfar girki da ƙofar mata. POP a falo kaɗai zan yi. Gobe zan je ma'aikatar filaye, domin gaskiya takardar mai unguwa ce a hannuna, kuma tunda muna cikin damina zan je in tsaya a filin idan an yi ruwa na gaba. Rijiya kuwa har yanzu ban yanke ba, domin biyu sun fi ƙarfina, ɗaya kuma Barista ya tsorata ni.

Dattijon magini, Jega

Ɗana, idan za ka buga bulon, ka buga shi a filinka a gaban idonka, kuma ka fara tun yanzu da ruwa yake sauka, sama za ta shayar maka da shi kyauta. Idan ka tsayar da rana ka sanar a nan, zan shigo motar Jega in zo in ga cuɗin farko.